Kuɗin magani: farashi ɗaya, nauyi daban-daban

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a gidan likita na gwamnati ba a tambayar mutum ƙabilarsa kafin a faɗa masa kuɗi. Bahaushe, Bazabarme, Bafillace, Buzu da Babarbare duk farashi ɗaya suke biya. Amma nauyin ba ɗaya ba ne.

A ce ciwo ya ci jika goma. Ma'aikaci mai albashin jika ɗari zai biya, ya jira ƙarshen wata. Manomi sai ya buɗe rumbu, ko ya kai akuya kasuwa. Kuma masassarar cizon sauro ta fi yawa da damina, lokacin da hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Sai a ci bashi, a biya da kaka, lokacin da hatsi ba ya da daraja.

Makiyayi kuwa yana da ƙarin kaya. Fulani, Buzaye da Tubawa da yawa suna kiwo a daji, wajen Abalak, Barmo ko Taskar, nesa da likita. Kafin su ga malamin lafiya sun biya mota da abincin mai jinya, sun bar bisashe ba mai tsaro. Wani ma sai ya nemi tafinta. Don haka sukan jinkirta, har ciwo ya yi tsanani, kuɗinsa ya ninka.

To, ku san hakkinku. A shekara ta 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin fidar haihuwa. A 2006 ta ɗauke kuɗin awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A watan Satumba na 2024 aka rage rabin kuɗin ganin likita, da na kwanciya, da na awon jini, aka mai da haihuwa kyauta. Sai dai wani lokaci magani yakan ƙare, a rubuta wa mutum takarda ya sayo a famasi. Kuɗin mota ma yana nan.

Ga shawara. Ku kai maras lafiya tun ranar farko. Ku riƙe katin yaro. In kun biya, ku karɓi takardar shaida, tun da yanzu kun iya karatu. A kowane gari da kowace ruga a kafa asusu da kaka, kowa ya zuba tiya ɗaya, domin ranar da za a nemi mota da tsakar dare.