Abin da Janye Tallafin Ɗaliban Jinya Ya Haifar a Ingila

A watan Nuwamba na 2015 ne ministan kuɗi na Birtaniya, George Osborne, ya ba da sanarwa cewa daga Agusta 2017 duk mai shiga karatun jinya ko aikin ungozoma a Ingila zai ci bashi ya biya jami'a kamar sauran ɗalibai, alhali kuwa a da hukumar lafiya ta NHS ce ke biya masa kuɗin makaranta, ta kuma haɗa masa da guzuri. Hujjar gwamnati ita ce, muddin baitulmali ke ɗauke da nauyin, tilas a ƙayyade gurabe, amma in aka sakar wa jami'o'i mara za a sami ƙarin gurabe 10,000.

A zahiri hujjar tana da fuska, sai dai ƙiyasi ne da aka yi ba tare da la'akari da bambanci ba, domin ɗalibin jinya, saɓanin mai karatun tarihi ko lissafi, wajibi ne ya yi sa'o'i 2,300 a gefen gadon majinyata, dare da rana, ba albashi, don haka da ƙyar yake samun sararin neman ɗan aikin da zai rufa masa asiri. Shekarar farko kawai masu neman shiga suka ragu da kashi 23 cikin 100, kuma waɗanda suka fi ja da baya su ne manya masu iyali, mutanen da suka san rayuwa, waɗanda fannin kula da masu taɓin hankali ya daɗe yana dogaro da su. Uwa mai 'ya'ya ba ta ɗaukar bashin fam 9,250 kowace shekara, kamar yadda kuɗin makaranta yake a lokacin, da wasa.

Da illar ta bayyana, sai a Satumba 2020 aka dawo da kyautar fam 5,000 a shekara, da ƙarin 2,000 ga masu yara, da 1,000 ga fannonin da ke ƙarancin ma'aikata, bisa sharaɗin ɗalibi ya kasance cikin waɗanda suka cancanci rancen karatu na gwamnati, wanda hakan ya fitar da baƙin da suka zo daga ƙetare. Bashin makaranta kuwa yana nan daram. Sikotilan ba ta taɓa janye nata tallafin ba, ta ma ɗaga shi zuwa fam 10,000.

Giɓin ma'aikata da wannan lamari ya ƙara faɗaɗawa, da nas-nas na Indiya da Filifin da Nijeriya ake cike shi, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da bai kamata a riƙa farautar ma'aikatansu ba. Tsimin da Ingila ta yi a kan ɗalibanta, asibitocinmu na Nijeriya ne suka biya wani kaso nasa, kuma a ra'ayina wannan ba adalci ba ne.