Wace Makaranta Ce Ta Fi a Ƙasar Bagudo?

Da zarar sakamakon WAEC ko NECO ya fito, hira a majalisun Bagudo da Ka'oje da Illo takan koma guda: yaran wace makaranta suka fi ci? Ma'aunin da kowa ya riƙe shi ne kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, domin su ne jami'a ta saba nema kafin ta karɓi yaro, ko ta Aliero ce ko ta Tarayya da ke Birnin Kabi. Ma'aunin ba ya ƙarya, amma rabin zance yake faɗi.

Mu ƙaddara makarantu biyu, kowacce ta ɗauki yara 100 a ajin farko na ƙaramar sakandare. Bayan shekara shida, 20 ne kacal suka zauna jarrabawa a ta farko, 16 suka ci. A takarda kashi 80 ke nan, sai a yi ta sambarka. Ta biyu ta riƙe 70 har ƙarshe, 35 suka ci. Kashi 50, sai a ce malamanta barci suke yi. To, wacce ta fi ba garinta masu ilimi, mai 16 ko mai 35? Kuma ina sauran 80 ɗin ta farko suka shige?

Duk ɗan ƙasar nan ya san amsa. Wasu suna gonar shinkafa a fadamar kogin Kwara, wasu sun bi shanu, wasu suna cikin kwalekwale da taru. Wasu kuwa babur ya ɗauke musu hankali a Lolo da Tsamiya, inda yaro kan ga kuɗi a hannunsa kafin rana ta faɗi, alhali ladan boko sai bayan shekaru. 'Yan mata kuma aure kan riske su tun kafin babbar sakandare. Wannan ne ma ya sa Kabi ta shiga cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 don 'yan mata su kammala sakandare. Makarantar da ta ninka yawan 'yan matan ajinta na ƙarshe ta yi aiki, ko da makinta ya ɗan sauka.

Sai maganar harshe, wadda ba kasafai ake sa ta a lissafi ba. A aji ɗaya za ka tarar da Bahaushe da Bafulatani da Badande da Bazabarme da ɗan Kyangawa. Ga da yawansu Hausar kanta harshe na biyu ce, Turancin da za a yi jarrabawa da shi kuma na uku. Ƙara da yaron da ya fara karatu a tsallaken iyaka, a Segbana ko Malanbil, inda da Faransanci ake koyarwa, kuma ake shekara huɗu a ƙaramar sakandare kafin jarrabawar BEPC, ba uku irin tamu ba. Idan iyayensa suka dawo da shi gida, zai iya fin kowa Lissafi, ya kuma faɗi Turanci warwas. A jadawalin sakamako, shi da wanda bai taɓa buɗe littafi ba layi ɗaya suke.

Ni kam idan shugaban makaranta ya nuna mini kashi mai tsoka, nakan roƙe shi rajistar ajin farko ta shekara shida da suka wuce, mu ƙirga sunaye tare. Nakan tambayi malaman Lissafi da na kimiyya nawa ne suke kwana a garin, ba waɗanda sunansu ne kawai ke kan takardar albashi ba. Nakan kuma tambaya ko duk masu zama jarrabawar 'yan makarantar ne, don akwai inda baƙi kan cika aji ana gobe jarrabawa, saboda an ji labarin masu sa ido a can suna da sauƙin kai.