Zaga Alƙahira da Ɗan Shekara Huɗu

Jiragen da ke tashi daga Kano da Abuja zuwa Alƙahira ba majinyata da ɗaliban Azhar da 'yan kasuwa kaɗai suke ɗauka ba. A cikinsu akwai iyalai, a cikin iyalan kuma akwai yara 'yan shekara uku zuwa biyar da aka yi wa fasfo ba tare da an nemi shawararsu ba. Idan an gama ganin likita, ko an gama ziyarar ɗan'uwa mai karatu, akan samu rarar kwana biyu ko uku, sai maigida ya ce tunda an zo, a zaga gari. Daga nan ake samun saɓani tsakanin abin da babba ke son gani da abin da yaro zai iya ɗauka, kuma galibi yaron ne ke kwana a ciki.

Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutum fiye da miliyan 20. Gari ne da ba a gina shi don ƙananan ƙafafu ba: gefen titi a wani wuri ya yi tudu, a wani wuri motoci sun mamaye shi, tsallaka hanya kuwa sai wanda ya saba. Keken tura jarirai da ake sayowa da tsada yakan zama kaya a irin waɗannan tituna, balle a yashin Giza. Zane da majanyi sun fi shi amfani nesa ba kusa ba, kuma uwar da ta iya goyo kada ta ji kunyar yinsa don ta zo ƙasar waje. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne irinsa na farko a Afirka, yana da taragu a tsakiya da aka keɓe wa mata. Uwa da ɗanta za su samu sauƙi a ciki, muddin ba lokacin tafiya aiki ko tashi daga aiki ba ne.

Babu wanda zai je Masar ya ƙi zuwa Giza, kuma ban ce a ƙi ba. Babbar dalar sarki Kufu ta haura shekara 4,500 a tsaye, tsayinta na asali ya kai kimanin mita 146, kuma ko yaro ya san ya ga abin mamaki idan ya tsaya kusa da dutse guda ya ga ya kere shi. Amma a tafi da sassafe, domin fili ne fetal babu inuwa, kuma zafin Yuni zuwa Agusta ba na wasa ba ne. Shiga cikin dalar kuwa, a ganina, zalunci ne a kan ƙaramin yaro. Hanya ce ƙunci da ake hawa a sunkuye, iska ba ta wadata, a ƙarshenta kuma ɗaki ne wayam sai akwatin dutse da babu komai a ciki. Gara a sa shi a kan raƙumi na 'yan mintoci, bayan an yi ciniki an gama, har da kuɗin saukowa, don masu raƙuman wurin sun yi suna wajen tuno wani farashi bayan mutum ya riga ya hau.

Inda ya fi buƙatar tunani shi ne maganar gawarwakin sarakuna. A watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gida a Fusɗaɗ, inda aka jera su a wani zaure na ƙasa mai duhu-duhu. Mutanenmu na ɗokin zuwa, domin tun muna makarantar allo muke jin labarin Fir'auna, kuma masu yi wa baƙi jagora sukan nuna Ramsis na Biyu su ce shi ne, ko da yake masana tarihi ba su yi ittifaƙi a kan haka ba. Babba yana shiga da wa'azi a zuciyarsa, ya fito yana tasbihi. Ɗan shekara huɗu ba ya ganin wa'azi. Fuska busasshiya yake gani da haƙora a waje. A gida ba ma kai yara kan gawa, har kawar da su ake yi idan za a fito da makara. Ban ga dalilin da zai sa wannan hikimar ta daina aiki don gawar ta tsufa kuma an saye tikiti ba. Iyaye su shiga bi da bi, ɗaya ya tsaya da yaron a sama, inda akwai kayan tarihi masu launi da za su ɗauke masa hankali.

To ina za a kai shi? Masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka kammala a shekarar 879, yana da tsakar gida mai faɗin gaske da hasumiya mai matakala a waje tana zagaye ta, kuma ba a cika cunkoso a cikinsa ba. Lambun Azhar, da aka buɗe a 2005 a kan wani tsohon juji na ɗaruruwan shekaru, yana da ciyawa da maɓuɓɓugan ruwa. Yaro na gudu, babba na kallon hasumiyoyin tsohon birni da ganuwar Salahuddin, kowa ya samu rabonsa. Kasuwar Khan al-Khalili, wadda ke ci tun ƙarni na 14, tana da kyau, amma lungunanta na iya haɗiye yaro cikin ƙiftawar ido. Kafin a shiga, a rubuta sunan masauki da lambar waya a takarda, da Larabci idan da hali, a soke masa a aljihu. Misirawa na da son yara, za su ja kumatunsa su ba shi alewa, wasu su nemi hoto da shi. Wani lokacin kuma akan ci karo da marar tarbiyya ya jefo magana a kan launin fata, iyaye su kasance a shirye da abin da za su faɗa wa ɗansu.

Wuri ɗaya da safe, barci da rana, wuri ɗaya da yamma: iyakar abin da yaro zai ɗauka ke nan. Na san da ciwo mutum ya kashe kuɗin jirgi ya koma bai ga rabin abin da ya lissafa ba, amma hoton da aka ɗauka da yaro yana kuka a gaban dala ba ya burge kowa. Abinci ba matsala ba ne. Kushari, wato shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake, da miyar tumatir da soyayyar albasa, yara kan karɓe shi, tunda yajin a gefe ake kawowa. Ruwa dai a tsaya a kan na gora.

Yammacin ƙarshe a bar shi ga Kogin Nilu. Ana hayar ƙananan jiragen ruwa masu filafilai da suke kira faluka, na sa'a guda, ba inji ba hayaniya. A tambayi rigar kariya daga nutsewa kafin a biya, a zaunar da yaron a tsakiyar jirgi, kuma a zo masa da rigar sanyi idan Disamba ce ko Janairu, don iskar kogin takan juya da zarar an kira magariba.