Yadda Kwamfuta Ke Karanta Ambulan Saƙon Intanet

Saƙon da ya tashi daga kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni zuwa wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi ba ya tafiya a dunƙule. Akan yayyanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da bayani a goshinsa, tamkar ambulan a gidan waya.

Idan ma'aikacin sadarwa ya tare ƙunshi guda domin bincike, abin da zai gani shi ne jerin lambobi kamar 45 00 00 3C. Wannan ƙidayar goma sha shida ce, watau daga 0 zuwa 9, sa'an nan A zuwa F su tsaya a madadin 10 zuwa 15. Kowaɗanne alamomi biyu su ne bayit ɗaya.

Lambobin nan ba su da ma'ana sai an san gurbin kowace. Dokar da ta tsara guraben ita ce RFC 791, wadda Jon Postel ya tace a Amurka cikin Satumbar 1981. Bisa ga dokar, manhaja kan raba bayit na farko biyu. Lambar 4 tana nufin tsari na huɗu, 5 kuwa akan ninka ta sau huɗu, a sami tsawon goshin, watau bayit 20. Bayit na uku da na huɗu, 00 3C, su ne tsawon ƙunshin duka, watau 60. Daga na 13 zuwa na 16 adireshin mai aikowa ne, inda C0 A8 00 01 ke zama 192.168.0.1.

Akwai ramuka biyu a gaban mai rubuta manhaja. Na farko, intanet tana gabatar da babban bayit, alhali kuwa yawancin wayoyi da kwamfutoci ƙaramin suke gabatarwa. Wanda ya sha'afa zai karanta 60 a matsayin 15,360.

Na biyu ya fi haɗari, domin mai aikowa yana iya ƙarya game da tsawon saƙonsa. A Afrilun 2014 aka bayyana ɓarakar da ake kira Heartbleed cikin manhajar tsaro ta OpenSSL. Manhajar ta gaskata tsawon da aka faɗa mata ba tare da aunawa ba, har mugu yana iya kwasar kusan kilobayit 64 na asirin jama'a a kowane karo.

Saboda haka lalle ne ɗalibi ya saba da ƙirga abin da ya iso hannunsa kafin ya yarda da abin da ke rubuce a ambulan. Haka kuma ma'aikatar da za ta sayi manhaja, wajibi ne ta tambaya ko an jarraba ta da gurɓatattun ƙunshi, gama rigakafi ya fi magani.