Mai Jerawa, Mai Tsarawa Da Mai Shiryawa

A wannan mako kalma guda za mu ɗauka mu feɗe ta har wutsiya. Kalmar ta Turanci ce, ana ce da ita "arranger". Ke 'yar makaranta za ki gamu da ita cikin littafin karatu ko takardar jarrabawa. Ke kuwa uwargida, aikin da kalman nan ta ke nufi shi ki ke yi tun daga asuba har ki kwanta, ko da ba ki taɓa jin sunan ba.

Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci. Saiwar kalmar ita ce "rang", watau sahu ko layi. Sa'ad da ta shiga Turanci, wajen ƙarni na 14, abin da a ke nufi da ita shi ne jera mayaƙa sahu-sahu a fagen fama. Daga baya ne ta faɗaɗa, har ta game sa ko wane irin abu a mazauninsa. Ɗan wutsiyan nan "er" da ke ƙarshe shi ke nuna mai aikin, kamar yadda mu ke sa "ma" a gaba mu ce maɗinki, masaƙi, marini.

Yau Turawa suna amfani da ita ta hanya uku. Ta fari, mai jera kaya su yi kyaun gani, kamar furanni cikin tulu. Ta biyu, mai daidaita al'amari tsakanin mutane, kamar biki, ko tafiya, ko rance. Ta uku kuwa ta makaɗa ce, watau wanda zai ɗauki waƙar da wani ya ƙago, ya raba wa ko wane makaɗi abin da zai kaɗa ko zai busa. Ga misali daga Amurka. Wani mai suna Bart Howard ya ƙago wata waƙa a 1954. Shekara 10 bayan haka, a 1964, Quincy Jones ya sāke mata takun kiɗa domin mawaƙin nan Frank Sinatra, sai ta yi farin jini a duniya. Duk da haka waƙa ba ta zama ta Quincy Jones ba. Mai gero daban, mai dama fura daban. Ki riƙe wannan, gama shi ne gindin maganarmu.

Kalmar tana da 'yan'uwa biyu da a kan rikita ta da su. "Planner" shi ne mai zama ya yi tunanin abu tun bai wanzu ba. "Organiser" shi ne mai tara jama'a ya raba musu aiki. Namu kuwa, abin da ya ke akwai shi ya ke sa wa hannu ya daidaita shi.

To, in malama ta ce ki juya ta da Hausa, me za ki rubuta? Nan ne za ki ga arzikin harshenmu, domin muna da kalmomi da dama, ko wace da inda ta ke sauka.

Ga jera. Wannan aikin hannu ne da ido, kuma ita ce ta fi kusa da asalin kalmar Turawa. Ranar jere dangin amarya su kan tafi ɗakinta su jera kwanuka da tasoshi da samiru, manya a ƙasa, ƙanana a bisa. Ana jera yara a sahu, ana jera tukwane a bakin famfo. Amma ba a jera biki, ba a jera tafiya.

Ga tsara. Ita sai da hankali, domin mai tsarawa ta san abin da ya kamata ya zo gaba da wanda zai biyo baya. Ana tsara wasiƙa, ana tsara magana gaban manya, ana tsara kuɗin cefane yadda zai kai ƙarshen wata. Har dokar da ƙasa ta ke tafiya a kanta ce mata a ke yi tsarin mulki. Kada ki rikita ta da tsara ta sa'ar haihuwa, rubutunsu ɗaya ne, sai dai zancen ya nuna miki wadda a ke nufi.

Ga shirya, ita ce babbarsu. Ana shirya abu tun kafin lokacinsa, shi ya sa a ke cewa shirin zaune ya fi na tsaye. Kuma tana shiga tsakanin mutane: in miji da mata sun ɓata, aka sasanta su, sai a ce sun shirya. In biyu ba sa ga maciji, a ce ba sa shiri. In yaro ya gagara, a ce Allah ya shirye shi. Kin ga, abin da jera ta ke yi wa kwanuka shi shirya ta ke yi wa zukata.

Saura ƙanana uku. Kintsa ita ce tattara abin da ya watse, har a kan ce da yarinya mai natsuwa kintsattsiya. Tanada ita ce ajiye abu domin gobe. Gyara kuwa sai ga abin da ya ɓaci ko ya karkace, don haka ki lura da ita ƙwarai. In kika ce wa uwar mijinki, "Inna, bari in gyara miki miyan nan," ai kin gaya mata miyarta ba ta yi ba ke nan. Cewa za ki yi, "Inna, kawo in taya ki."

Masu wannan aiki a unguwa ba ma kiransu da sunan ƙamus, ko wace da nata suna. Akwai uwar biki, akwai mai dalilin aure, akwai uwar adashi. Dubi ta ƙarshen nan. A ce mata 10 ne, ko wace tana zuba naira 1,000 ran Juma'a. Ko wane mako naira 10,000 ke shiga hannun uwar adashi, ita ke tsara wadda za ta fara kwasa da wadda za ta jira mako na 10. In suna ya taso wa wata, ita ke roƙon 'yar'uwa ta yi haƙuri a yi musaya. Amma kuɗin nan ba nata ba ne, bayan nata zubin. Ran da ta manta haka ta ja jari da shi, adashi ya watse, mutunci ya bi shi. Haka uwar biki ba ita ta haifi amarya ba, mai dalili kuma ba ita za ta zauna da mijin ba. Dukansu kayan wani su ke riƙe da shi, kuma sunan wannan amana.

Shi ya sa Hausa ta ware waɗansu kalmomi domin mai cin amanan nan. Mai shirya alheri mun ce ta shirya, mai shirya sharri kuwa mu ce ta ƙulla, ko ta kitsa, ko an haɗa baki da ita. Hannu ɗaya ne, basira ɗaya ce, niyya ce ta raba su. Saboda haka kada ki ce wa abokiyar zamanki, "Ke kika ƙulla wannan," alhali kuwa nufinki ita ta ɗauki wahalar shirin. Kalma guda za ta jawo gabar da sai manya sun shiga. Ku kuma 'yammata, kun san samarin yanzu su kan ce wane ya tsara wance, watau ya jera mata daɗin baki har ta yarda. Wanda ya zo da niyyar shiri na gaskiya, iyayenki zai aika wa manyansa. Wanda tsari kaɗai ya kawo, a zaure zai ƙare.

To, 'yar makaranta, in kin ga kalman nan ta Turawa kada ki yi garaje. Ki duba me a ke sa wa hannu. In kaya ne, rubuta mai jerawa. In magana ce, ko kiɗa, ko lissafi, rubuta mai tsarawa. In taro ne ko sha'anin mutane, rubuta mai shiryawa. Ke kuma uwargida, ran da aka ɗora miki bikin wata ko kuɗin wata, ki tambayi mai abu yadda ta ke so tukuna, ki rubuta abin da ya shiga hannunki da abin da ya fita, sa'an nan in an gama ki mai da ragowa ko da kwabo ne.

Allah ya shirye mu, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.