Lumana: Ma'anar Kalmar da Gurbinta a Jimla

Duk wanda ya taɓa fassara labari daga Faransanci zuwa Hausa ya san wahalar kalmar paix. Faransanci ya tara abubuwa da yawa a cikinta, Hausa kuwa ta rarraba su: zaman lafiya, kwanciyar hankali, natsuwa, sulhu, salama, aminci, lumana. Ta ƙarshen nan ita ce ɗalibai suka fi sawa a gurbin da ba nata ba.

Alamu sun nuna cewa lumana ararriya ce daga Larabci, daga al-amana, ta hanyar da Hausa ta saba haɗiye harafin al- ta mayar da shi jikin kalma. Haka aka samu lafiya daga al-afiya, labari daga al-khabar, lokaci daga al-waqt, liman daga al-imam. Idan haka ne, amana da lumana tagwaye ne da suka fito daga tushe guda, sannan kowace ta kama hanyarta. Amana ta tsaya a kan riƙon abin da aka danƙa wa mutum, lumana kuwa ta koma kan yanayin da yarda take haifarwa tsakanin mutane.

A nan ne ma'anarta take. Lumana ba ta zama a zuciyar mutum guda. Bahaushe zai ce hankalinsa ya kwanta, ko ya samu natsuwa, amma ba zai ce zuciyarsa ta yi lumana ba. Ba ta shiga gaisuwa kuma: amsar "ina kwana" ita ce "lafiya lau". Kalmar tana bukatar ɓangarori biyu ko fiye, da kuma wani al'amari da zai iya rikiɗewa ya zama rigima amma bai zama ba. Shi ya sa ake cewa an raba gado cikin lumana, an yi zaɓe cikin lumana, manoma da makiyaya sun warware saɓani ta hanyar lumana. Ba a cewa yaro ya yi barci cikin lumana, domin babu abokin husuma a barci. Wannan jimlar, in an ji ta, warin fassara take yi.

Bambancinta da sulhu ma a fili yake. Sulhu yana zuwa bayan an ɓata. Lumana tana siffanta yadda aka bi da al'amarin tun farko.

A nahawu, suna ce tamata: lumanar da aka samu. Ba a yi mata jam'i, kuma aikinta ya fi yawa bayan cikin ko a haɗin mallaka, kamar zanga-zangar lumana, wadda gidajen rediyo suka mayar madadin marche pacifique.

A Nijar kalmar ta ƙara ɗaukar wani nauyi. Jam'iyyun ƙasar sun saba ɗaukar laƙabi da Hausa: Tarayya, Nassara, Rahama, Jama'a. ANDP ta Moumouni Adamou Djermakoye ta zaɓi Zaman Lahiya, da h ta karin harshen yamma. A 2009 aka kafa MODEN/FA Lumana ta Hama Amadou, daga nan "ɗan Lumana" ya daina nufin mai son zaman lafiya kawai a kunnen mutanen Yamai ko Damagaram. Mai rubutu yana da babban baƙi da zai bambance sunan jam'iyya da kalmar yau da kullum. Mai karanta labarai a rediyo ba shi da wannan gata, sai ya dogara da ginin jimlarsa.