Gaya: Igiya da turke, masu gadin jarin mai kwale-kwale

Bayan da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanville a 2023, kwale-kwale ne ya riƙa ƙetarar da mutane da kaya a kogin Isa. Jirgin da ke ciyar da gida guda kuwa, da dare igiya ce kawai ke gadinsa.

Kogin na cika sau biyu: da ruwan damina a Agusta da Satumba, sannan da sanyi idan ruwan Gini ya iso. Jirgin da aka ɗaure tamau, ruwa na ƙaruwa sai ya karkata ya nutse, ko igiyar ta tsinke. Shi ya sa ake sassauta ta, a ɗaure gaba da baya.

Inda akwai dakalin siminti, maɗaurin ƙarfe mai ƙaho biyu ya fi turke. Igiya mai kaurin milimita 12 tana buƙatar maɗauri mai tsawon santimita 20, wanda ba ya tsatsa, a kafe shi da noti. Igiyar nailan ta fi dacewa, domin tana miƙewa ta shanye fizgar ruwa.

Ɗan ci-ranin da ya aiko kuɗin jirgi, kada ya manta da na igiya.